'Yan Tsince-Tsincen Fagen Fama

Idan aka gwabza yaƙi ƙura ta lafa, abu biyu aka saba ƙirgawa: mutanen da suka faɗi, da ƙasar da aka ci ko aka rasa. Da wuya ka ji an tambayi inda bindigar mamaci ta shiga, ko wanda ya kwashe tarin kwanson harsashin igwa da aka zubar a bayan tudu, ko inda aka kai takalman da taɓo ya zare wa mutane daga ƙafa. Alhali akwai masu wannan aiki. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, rundunar Birtaniya da ta ƙasashen da ke ƙarƙashinta sun ware wasu sojoji a filayen arewacin Faransa da Beljiyam, ba su da wani aiki sai bin bayan mayaƙa suna tsintar abin da aka yar. Suna sanye da kaki, suna da lamba da hafsa da albashi kamar kowane soja, sai dai kayan aikinsu buhu ne da amalanke. Da a garuruwanmu ne, da 'yan gwangwan za a kira su.

Da farko babu wanda ya kawo su a lissafi. A watan Agustan 1914 mutane da yawa a Turai sun ɗauka kafin Kirsimeti an gama komai, wanda kuwa ke zaton tafiyar yini guda zai yi ba ya tattalin guzuri. Takalmi ya yage, a jefar a karɓo sabo. Bindiga ta sha laka, a bar ta nan. Sai yaƙin ya cije. Kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige ciki, layin ya miƙe tun daga gaɓar teku a Beljiyam har kan iyakar Suwizalan, kusan kilomita 700, aka koma yi wa juna ruwan wuta dare da rana. Kafin tsakiyar 1915 harsashin igwa ya yi wa Birtaniya ƙaranci, jaridu suka fallasa maganar, gwamnati ta girgiza, aka kafa sabuwar ma'aikatar kayan yaƙi aka danƙa ta a hannun David Lloyd George. Shekara guda bayan haka, a yaƙin Somme, sojojin Birtaniya sun harba harsashin igwa fiye da miliyan ɗaya da rabi a cikin mako guda, kafin ma su fito daga ramuka ranar 1 ga Yulin 1916. Babu masana'antar da za ta ɗauki irin wannan ci ba ta yi nishi ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne teku. Birtaniya tsibiri ce, kuma mafi yawan abin da take sarrafawa ta ruwa yake zuwa mata: ulu daga Ostareliya, alkama daga Kanada da Amurka, kuza daga Malaya, har da wadda ake haƙa a tsaunukan Jos. A Fabrairun 1917 Jamus ta saki jiragenta na ƙarƙashin teku, ta ce su nutsar da duk jirgin da ya doshi Birtaniya, na yaƙi ne ko na fatauci. A watan Afrilun shekarar kaɗai an nutsar da jiragen da jimillar nauyinsu ta haura tan 800,000. Daga nan lissafi ya sauya. Takalmin da ke kwance cikin taɓo a Faransa ya riga ya biya kuɗin jirginsa: fatarsa ta tsallake teku ta isa Ingila, an ɗinka shi, ya sake tsallakowa ya iso fagen daga. Idan aka gyara shi a inda yake, an sami gurbi a jirgi wanda za a cika da abinci ko albarushi. Wannan lissafi ne ya ƙara wa kamfanonin sojoji masu tsince-tsince muhimmanci, ya kuma sa manyan hafsoshin da a da ba sa ko kallon bola suka koma neman a ba su rahotonta.

Tsarin da aka yi shi ne kowace babbar runduna ta sami ƙaramin kamfaninta. Sojojin Ostareliya, alal misali, sun kafa irin wannan kamfani ga kowace daga cikin rundunoninsu biyar a farkon 1917. Mutanen kamfani guda ba su kai ɗari ba, kuma da yawansu waɗanda likita ya ce ba su da sauran ƙarfin zaman ramin gaba ne: wani shekaru sun ja, wani ya taɓa jin rauni ya warke da ɗingishi, wani ƙirjinsa ya sha hayaƙi mai guba. Su ne ke kafa wuraren tara kaya a bayan layi, su bi fili suna tsinta, su ware, su ƙirga, su rubuta. Motoci da kekunan alfadarai da ƙananan jiragen ƙasa da suka kai abinci da harsashi gaba, ba a yarda su juyo fanko ba, sai an loda musu abin da aka tara. Sauran sojoji ma ba a ƙyale su ba. Duk wanda ya gama kwanakinsa a ramin gaba zai koma hutu, ana so ya riƙo wani abu a hannu ya ajiye a wurin tara kaya, ko da hular kwano ce ko shebur. A bayan motoci da bakin hanya an rubuta tambaya da manyan baƙaƙe, ma'anarta ita ce: me ka tsinto yau?

Mu ɗauki takalmi guda mu bi shi. An tsince shi a gefen wani rami, cike da ruwa, ƙasansa ya ɓantale, ɗan'uwansa kuma babu wanda ya san inda yake. An jefa shi a buhu, buhu ya hau mota, mota ta kai shi tashar jirgin ƙasa, ya sauka a Calais, garin bakin teku inda rundunar Birtaniya ke da babban wurin gyaran takalma. A can tsibin takalma yakan kai tsayin ɗaki. Mata Faransawa, waɗanda mazansu ke fagen daga ko suka riga suka mutu a can, su ne ke fara tarbar sa. Su kankare lakar, su wanke shi da ruwan magani, su jiƙa shi da mai har fatar da ta bushe ta yi taushi. Daga nan a duba girmansa a nemo masa abokin tafiya a cikin dubban marayun takalma irinsa. Sai ya je hannun dukawa, sojoji waɗanda sana'arsu ke nan tun a gida, su sa masa sabon ƙasa, su buga masa ƙusoshi. Mai kyau ya koma ƙafar mayaƙi. Mai dama-dama a ba leburori ko fursunonin yaƙi. Wanda ya wuce gyara ma ba a jefar da shi, sai a yanka fatar samansa a yi igiyar ɗaure wasu takalman. Dubban takalma ke fita daga wannan wuri a kowane mako.

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda tsohon ƙarfe ke shiga ta nan ya fito ta can ya zama murhu ko tukunya, zai gane wannan aiki ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bambancin kawai shi ne a Faransa gwamnati ce da kanta ta tsuguna a kan bola.

Kwanson harsashin igwa shi ne ya fi komai daraja a idon masu tsinta. Ƙaramar igwar da Birtaniya ta fi amfani da ita, duk harbi ɗaya tana tofar da kwanson tagulla mai tsawo kamar daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Inda aka kwana ana harbi, da safe sai ka tarar da su jibge kamar an sauke itace. Ana kwashe su a mayar Ingila, a wanke, a gasa tagullar don ta saki, a matse kwanson ya koma daidai awonsa, a sake cika shi da albarushi. Kwanso guda yana iya zagayowa sau da yawa kafin ya tsage, kuma duk zagayen da ya yi ana buga masa alama a gindi. Shi ya sa hukuma ta hana soja ya ɗauki kwanso ya mayar nasa, ko da yake da yawa sun ɓoye, suka zauna a lokacin hutu suna yi musu zane da ƙusa da guduma, suka kai wa iyalansu tsaraba. Har yau ana samun irin waɗannan a gidajen Turai an zuba musu furanni.

Tattalin ya kai har madafa. An umarci masu dafa wa sojoji abinci su daina zubar da kitsen da ya rage a tukunya da ƙasusuwan nama. Ana tara su a gwangwanaye a aika wa masu yin sabulu, su kuma su tace wani ruwa mai danƙo da ake kira gilisarin, wanda da shi ake haɗa albarushin da ke tura harsashi. Gwangwanin naman da soja ya ci ya yar, ana ƙona shi a tatsi dalmar da aka liƙe shi da ita. Dokin da ya mutu ana feɗe fatarsa. Barguna da manyan rigunan sanyi kuwa, da zarar hunturu ya wuce ake tattara su a kai Paris a wanke a ɗinke a adana kafin wani sanyin, bayan an turara su da tururi mai zafi don kashe kwarkwatar da ta addabi kowane soja a rami. Tsumman da ya gagari allura a tura shi Dewsbury a arewacin Ingila, garin da ya shahara da yayyaga tsohon ulu a sake saƙa shi.

Wannan duka lissafin kaya ne, kuma yana da daɗin faɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kayan ke fitowa. Bindiga ba ta faɗuwa ƙasa haka kawai. Hannun wani ne ya sake ta. A ranar farko ta yaƙin Somme kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu sun mutu. Kowannensu ya fito ne da bindiga da banati da jakar harsashi da butar ruwa da abin rufe fuska saboda hayaƙi mai guba. Mai tsinta shi ne zai durƙusa a kan gawar da ta yi kwanaki a rana da ruwan sama, ya kwance mata ɗamara, ya zare jakar daga kafaɗa. Sau da yawa aikin tsinta da na binnewa tare suke tafiya, don haka a cire 'yar lambar da ke rataye a wuyan mamaci da littafin albashinsa a miƙa wa hafsa, ta haka uwa ko mata a wani ƙauye za ta san abin da ya sami nata. Mayaƙi yana wucewa ta filin mutuwa da gudu, kansa a sunkuye. Mai tsinta kuwa a nan yake wuni, yana dubawa a hankali, don aikinsa ke nan ya duba. Ban ga dalilin da zai sa a ce wannan aiki ya fi na mai harbi sauƙi ba.

Ga kuma haɗari. Wuraren da kaya suka fi yawa su ne inda igwar abokan gaba ke iya kaiwa, shi ya sa wani aikin sai da dare. Harsasai masu yawa sun faɗi ba su fashe ba, suna kwance cikin laka suna jiran wanda zai taɓa su. Gurnetin da ya yi tsatsa yana iya tashi a hannu. Daga Yulin 1917, da Jamusawa suka fara harba wata sabuwar guba a yankin Ypres, wadda ke laƙewa a ƙasa da jikin tufafi ta yi kwanaki, ɗaukar tsumma ma ya zama abin tsoro, don tana sa fata ta kumbura ta yi ƙuna, ido ya rufe. Sannan akwai tarko. Lokacin da sojojin Jamus suka ja da baya a farkon 1917, sun bar bama-bamai a ɓoye cikin gine-gine da ramuka da kayan da suka san za a yi sha'awar ɗauka. A garin Bapaume, ranar 25 ga Maris 1917, kwanaki bayan sun fice, wani bam da suka binne ya tashi da ginin majalisar garin, ya kashe sojojin Ostareliya da ke ciki tare da 'yan majalisar dokokin Faransa biyu. Mutumin da sana'arsa ita ce ya ɗaga duk abin da ya gani a ƙasa, shi ne na farko da irin wannan tarko ke jira.

Da tankokin yaƙi suka shigo, sai tsintuwar ta yi nauyi. A Cambrai, ranar 20 ga Nuwamban 1917, Birtaniya ta tara tankoki 476, kafin dare 179 sun tsaya. Abin lura shi ne 65 ne kawai wutar Jamusawa ta lalata. 71 inji ne ya ba su matsala, 43 kuma ramuka suka faɗa suka maƙale. Ke nan mafi yawansu ba su mutu ba, jinya suke nema. Rundunar tankoki tana da nata kamfanonin ceto, makanikai da maƙera masu rarrafawa da dare zuwa inda ƙarfe mai nauyin kusan tan 30 ya kafe, su gyara shi a wurin idan zai gyaru, in kuwa ba hali su kwance inji da bindigogi su ɗauko. Wanda aka samu aka janyo sai a kai shi babban garejin rundunar a yankin Erin da Teneur, inda ɗaruruwan ma'aikata 'yan ƙasar Sin ke aiki tare da Turawa.

Jamusawa ma ba barci suke ba, don su ma an tare musu teku, kuma su takunkumin ya fi matsa wa, har ta kai a 1917 suna sauke ƙararrawar coci-coci suna narkarwa. Da suka mayar da martani a Cambrai ranar 30 ga Nuwamba suka ƙwace wani sashe na filin, sun tarar da tankokin Birtaniya zube. Suka kwashe su zuwa Charleroi a Beljiyam, suka gyara, suka zana musu tambarinsu, suka juyo da su kan masu su. Jamus tankoki 20 kacal ta ƙera na kanta a duk tsawon yaƙin, waɗanda ta tsinta ta yi yaƙi da su sun fi haka yawa. Ɗaya daga cikin ashirin ɗin, mai suna Mephisto, ta faɗa rami kusa da Villers-Bretonneux a Afrilun 1918, sojojin bataliya ta 26 ta Ostareliya suka janyo ta da dare a watan Yuli da taimakon tankokin Birtaniya. Ita kaɗai ta rage a duniya a irinta, tana gidan tarihi a Brisbane. Amurkawa da suka shigo yaƙin daga baya sun ga amfanin abin, su ma a 1918 suka buɗe katafaren wurin gyaran kaya a Saint-Pierre-des-Corps kusa da Tours.

Ranar 11 ga Nuwamban 1918 aka tsagaita wuta. Mayaƙa suka fara haɗa kaya, masu tsinta kuwa a lokacin babban aikinsu ya fara. Ga waya mai ƙaya ta dubban kilomita, ga rumbunan harsasai, ga gawawwakin da ba a binne ba, ga gonakin da masu su ke jira su dawo. Nauyin ya faɗa kan rundunar leburori da fursunonin yaƙi, musamman kuma 'yan ƙasar Sin. Birtaniya da Faransa sun ɗauko kimanin mutum 140,000 daga can a kan kwangila, kuma da yawansu sai a 1920 suka ga gida. Wasu ba su koma ba, murar da ta game duniya a 1918 da 1919 ta kashe wasu, bam ya tashi da wasu. A maƙabartar Noyelles-sur-Mer kaɗai akwai kaburburansu fiye da 800. An yi faretin nasara a manyan birane, an gina hasumiyoyin tunawa da mayaƙa a kusan kowane ƙauye na Faransa da Ingila, amma waɗanda suka share filin aka daɗe ba a ko ambatarsu. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma tushensa raini ne irin wanda ake yi wa duk mai aikin shara a ko'ina.

Duk da haka ba su iya kwashe duka ba. Talakawan Beljiyam da Faransa da suka dawo suka tarar da gidajensu sun zama kufai, da yawa sun koma neman abinci da tsohon ƙarfe. Kowane harsashin igwa yana da zoben jan ƙarfe a gindinsa, mai tsada a wurin dillalai, sai mutum ya sa guduma da kurfi yana ɓamɓarowa daga jikin harsashin da bai fashe ba. Mutane da yawa sun mutu a haka, har da yara. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, garma ba ta daina tono su ba, har manoman yankin suna kiran abin girbin ƙarfe. Manomi ya tono, ya ajiye a bakin gona ko gindin turken wutar lantarki, sojojin Beljiyam masu kwance bam su zo su ɗauka su kai sansaninsu na Poelkapelle su lalata. A Maris 2014 wani harsashin wancan yaƙi ya fashe a wurin gini a Ypres ya kashe ma'aikata biyu.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Shekara fiye da goma ana ɓarin wuta a Borno da Yobe da arewacin Adamawa da yankin Diffa, kuma ƙasar da aka yi yaƙi a kanta iri ɗaya ce ko a Turai ko a bakin Tafkin Chadi: tana riƙe abin da aka zuba mata. Masu bin ta suna tsinta a wurinmu yawanci samari ne da yara waɗanda yunwa ta kora daji da buhu, ba su da horo, ba su da hafsa, babu mai gaya musu wannan ƙarfen na awo ne wancan kuma ajali ne. A Yulin 2023 gwamnan Borno, Babagana Umara Zulum, ya haramta sana'ar tsintar ƙarfe a jihar bayan an yi ta rasa rayukan masu yin ta. Hani yana iya tsare yaro daga shiga daji, amma ba ya ciro ko ƙusa ɗaya daga ƙasa. Ana bukatar ƙwararrun da aikinsu ke nan, masu isassun kayan aiki da albashi, su bi gona-gona kafin a ce wa manoma su koma.

Kafin a kai ga haka, kai manomi da kai makiyayi da kai mai sayen gwangwan a kan sikeli, idan ka ga ƙarfen da ba ka san kansa ba, komai tsatsarsa, kada ka ɗaga, kada ka buga, kada ka sa shi a wuta. Ka yi wa wurin alama, ka janye yara, ka sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro mafi kusa.